Wa Zai Yi wa Cali-Cali Kiɗa? Tsokaci a kan Rakiyar Fim Marar Magana a Kudancin Kano

Kalmar cali-cali ta daɗe da zama 'yar gida a bakin Bahaushe, har da yawa daga cikin masu furta ta ba su san ana danganta asalinta da sunan wani Bature ɗan Ingila ba, wato Charlie Chaplin, wanda ya yi tashe a fina-finan barkwanci tun kafin a iya haɗa hoto da murya. Mutumin da bai ce uffan ba a mafi yawan fina-finan da suka ɗaukaka shi, shi ne ya bar wa Hausa kalma. Wannan kaɗai ya isa ya sa manazarta su daina ɗaukar fim marar magana baƙon al'amari da bai shafi nazarin Hausa ba. Ya shafe shi ta fuskar tarihi, domin da irinsa aka fara nuna wa talakan ƙasar Hausa hoto mai motsi. Ya kuma shafe shi a yau, saboda samarin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, kamar takwarorinsu na ko'ina, suna riƙe da wayoyin da ke ɗaukar gajerun wasannin ban dariya, kuma wani kaso na irin waɗannan wasanni ba shi da magana ko kaɗan, sai motsi da kiɗan da aka ɗora daga baya. Ɗan Senigal ɗin nan mazaunin Italiya, Khaby Lame, da shiru ya tara mabiya mafi yawa a TikTok a 2022, kuma masu kwaikwayonsa ba su ƙirguwa.

Duk wanda ya saurari abin da ake ɗorawa a kan waɗannan wasanni zai tarar da 'yan sautuka ƙalilan ne suke ta maimaita kansu: dariyar gwangwani ta wasu mutane da ba a gani, da fito mai zamiya idan wani ya faɗi, da guntun kiɗan Indiya ko na kudancin Nijeriya da aka ƙara wa sauri har ya koma kamar kukan ɓera. Ana yin haka ne domin shi ne mafi sauƙi, manhajar da ke cikin waya ita ke bayarwa kyauta. Amma sauƙin yana da tsada. Yana kashe barkwancin da aka ce ana taimaka wa, yana kuma watsi da wata taska da Bahaushe ya mallaka wadda ƙalilan daga al'ummun duniya suke da irinta, wato kiɗan da ke magana, kuma kowane nau'insa yake da ma'abota.

Tun asali fim marar magana ba a kallonsa cikin shiru. Kafin fitowar The Jazz Singer a 1927, ƙaramin gidan sinima a Turai ko Amurka yakan ɗauki mai fiyano ɗaya ya zauna ƙarƙashin allo yana kallo yana kaɗawa, babba kuma ya ajiye ayarin makaɗa sukutum. Kamfanonin fim sukan aiko da takardar jagora mai nuna inda za a sa kiɗan gudu da inda za a sa na baƙin ciki. A 1924 Erno Rapée ya buga kundin da ya kasa kaɗe-kaɗe zuwa yanayi 52, domin mai fiyano ya buɗe shafi ya sami abin da ya dace da fitowar da ke gabansa. A Japan kuwa mutum ne mai suna benshi yake tsayawa gefen allo yana ba da labari, yana kwaikwayon muryoyin 'yan wasa, har wasu 'yan kallo saboda shi suke zuwa. Ke nan fim ɗaya yana da sauti iri-iri gwargwadon garin da aka haska shi. Gajerun fina-finan da Chaplin ya yi wa kamfanonin Keystone da Essanay da Mutual tsakanin 1914 da 1917 ba su zo da wani kiɗa tilas ba. Saboda haka makaɗin kalangu da ya raka ɗayansu a Kwanar Ɗangora bai keta wata alfarma ba, abin da mai fiyano ya yi a Landan shekara ɗari da suka wuce shi ya maimaita.

Ƙasar Hausa ta sami nata kason ta hanyar majigi. William Sellers, jami'in kiwon lafiya a Legas, shi ya fara amfani da fim wajen yaƙi da annoba tun a shekarun 1920, kuma shi aka ɗora a kan sashen fina-finan ƙasashen mulkin mallaka da Ingila ta kafa a 1939. Mota ce mai ɗauke da injin wuta da na'urar haskawa da lasifika, ta sauka a gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a fili, bayan isha'i a haska. Da yawa daga fina-finan ba su da murya, tafinta ne yake fassara abin da ido ke gani, kuma akan cusa barkwancin Chaplin a tsakanin darussan tsafta da noma domin a riƙe jama'a. Garuruwan hakimai irin su Bebeji da Kiru da Tudun Wada su ne irin wuraren da aka tanadi majigi dominsu, tun da sinimar Rex da aka buɗe a Kano a 1937 ta yi musu nisa a tafiya, ta kuma yi musu nisa a ɗabi'a. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya nuna yadda Kanawa suka bambanta majigi da sinima: majigi na hukuma ne, yara da mata da dattawa suna iya tsayawa, sinima kuwa wurin da mutumin kirki yake kauce wa ne. Wannan bambanci zai sake tasowa a gaba. Abin lura a nan shi ne tafintan majigi shi ne benshin ƙasar Hausa, kuma ragowar waɗanda suka tsaya a gaban wannan ƙyalle suna yara yanzu tsofaffi ne tukuf. Duk sashen Hausa da ke neman batun digiri na biyu ga ɗalibinsa, ga shi nan a ƙofar gida.

Babban kuskuren mai zaɓar kiɗan rakiya shi ne zaton cewa fim na ban dariya kiɗan ban dariya yake bukata. Chaplin kansa, da ya sami damar tsara wa fina-finansa kiɗa, daga City Lights na 1931 zuwa Modern Times na 1936, da kuma The Gold Rush na 1925 da ya sake fitarwa da sauti a 1942, ya ƙi wannan ra'ayi. Ya bayyana a tarihin rayuwarsa cewa masu taya shi tsara kiɗa sukan so kiɗan ya zama abin dariya, shi kuwa yana son ya zama mai ƙayatarwa da natsuwa, domin kada ya yi gasa da abin da ke kan allo. Hikimar a fili take. Ɗan yawon da Chaplin yake fitowa a matsayinsa matalauci ne fitik, wandonsa ya yi masa yawa, kwat ɗinsa ta matse shi, takalminsa ya ɓule, amma yana tafiya da sanda da malafa kamar wani basarake. Dariyar tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin yadda ya ɗauki kansa da yadda duniya ta ɗauke shi. Ido yana ganin tsumma. Idan kunne ma ya ji tsumma, tazarar ta rufe. Dole kiɗa ya goyi bayan yadda mutumin ya ɗauki kansa, ya girmama shi da gaske, sannan ɗan kallo ya tsinci kansa a tsakanin abu biyu da suka ƙi haɗuwa, dariya ta ƙwace masa.

Bahaushe bai jira Chaplin ya koya masa wannan ba. Sana'ar 'yan kama, wadda C. G. B. Gidley ya yi nazari a kanta tun 1967, a kan wannan tushe ta ginu. Ɗan kama yakan ɗauki karin waƙar wani mashahurin makaɗi, ko salon karatun malami mai jan baƙi da fassara, ya riƙe shi cif bai rage masa kwarjini ba, sai dai abin da yake zubawa a ciki tuwo ne da miya da fura. Fuskarsa a murtuke, muryarsa ta mai wa'azi, zancensa na makwaɗaici. Da zai yi dariya da kansa, da wasan ya rushe. Mazubin mai girma ne, abin da ke ciki ƙanƙane, kuma ba a yarda mazubin ya san haka ba. Wanda ya kalli fitowar nan ta The Gold Rush inda yunwa ta sa Chaplin ya dafa takalminsa, ya zuba a faranti, ya naɗe igiyoyinsa a cokali mai yatsu kamar taliya, ya tsotse ƙusoshi kamar ƙashin kaza, duk cikin ladabin mai cin abinci a gidan sarki, ya ga 'yankamanci ba tare da kalma ɗaya ba. Jigon ma ɗaya ne: yunwa da aka sa wa rawani. Haka wasannin tashe na watan azumi suke, irin su Macukule da Jatau Mai Magani, haka fitowar Nalako a Kano da shigarsa ta sarautar gwagware. Yara suna buga gwangwani, amma mai wasan ba ya nuna ya san abin dariya yake yi.

Idan haka ne, sai a ce ai magana ta ƙare, a ɗauko kiɗan Hausa mai kwarjini a ɗora. A nan ne wahalar take, kuma a nan ne masanin Hausa yake da abin faɗa wanda masanin fim na wata ƙasa ba shi da shi.

Fiyano ba na kowa ba ne, shi ya sa ya zama na kowa. Ana iya kaɗa shi ga ɓarawo, a kaɗa shi ga amarya, ba wanda zai ce an taɓa gadonsa. Kayan kiɗan Hausa ba haka suke ba. Kamar yadda Ames da King suka tattara a ƙamusunsu na kiɗan Hausa na 1971, kuma Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya faɗaɗa a ayyukansa kan makaɗa da mawaƙa, kusan kowane abin kiɗa yana da gidan da ya fito. Tambari da kakaki na sarki ne. Algaita da kotso da taushi da jauje na fada ne. Kalangu na mahauta ne tun asali, sannan 'yan dambe da 'yan mata a dandali suka same shi. Dundufa ta maƙera ce, gangar noma ta manoma, garaya ta mafarauta da 'yan bori, shantu da ƙwarya na mata a cikin gida, sarewa ta makiyayi. Da zarar an buga ɗayansu, Bahaushe ya ji sana'a, ya ji matsayi, ya ji jinsi, wani lokaci har ya ji addini. Mai ɗora garaya a kan mutumin da ke tangal-tangal saboda ya taka ɓawon ayaba ya gaya wa 'yan kallo, ko da bai nufa ba, cewa iskoki ne suka hau shi. Mai ɗora bandiri a kan wasan shashanci ya taɓa abin da 'yan Ƙadiriyya suke zikiri da shi, kuma ba zai rasa mai yi masa magana ba. A yanki irin na kudancin Kano, inda akwai garuruwan malamai da tsangayu, akwai unguwannin Maguzawa, akwai rugagen Fulani a gefen dajin Falgore, akwai kuma Riruwai da haƙar kuza ta tara mata mutane daga wurare daban-daban, sauti guda yana iya zama wasa a wannan ƙauye ya zama zagi a na gaba. Fim marar magana yana da falalar tsallake shingen harshe, amma kiɗan da aka zaɓa ba tare da sani ba yana iya gina wani shingen da ya fi na harshe tsawo.

Sannan ga batun take. Kalangu yana da tsarkiya, makaɗi yana matse ta a hammata ya sassauta, sautin ya hau ya sauka, kuma tun da Hausa harshe ne mai karin sama da na ƙasa da faɗau, mai dogon wasali da gajere, ganga tana iya bin sawun jimla har mai kunne ya gane abin da aka ce. Sarki yana da takensa, ɗan dambe yana da nasa, sarkin noma da sarkin fawa haka. Saboda haka fim marar magana da aka raka da kalangu ya daina zama marar magana. Wannan makami ne mai kaifi biyu.

A ƙaddara wani ɗan gajeren wasa da aka ɗauka a kasuwar hatsi ta Tudun Wadar Ɗankadai. Mutum ya sayi buhun masara, ya saɓa a kafaɗa, ya sha babbar riga, yana tafiya yana ɗaga wa mutane hannu, bai san buhun ya huje ba, masara tana zuba, kaji sun jeru a bayansa kamar 'yan rakiya. Mai waya zai sa dariyar gwangwani tun daga tsabar farko da ta faɗi, ya yi wa ɗan kallo dariyar tun kafin ta zo masa. Wanda ya ɗan fi shi tunani zai sa kalangu mai sauri, ya ce ai na gida ne. Shi ma bai yi daidai ba, domin saurin ya tona asirin da mai buhu bai sani ba tukuna. Abin da wasan yake nema shi ne kiɗan fada mai nauyi, taku ɗaya-ɗaya, irin wanda ake yi wa mai doki, saboda a zuciyar mai buhu hawa yake yi, kajin kuma dogarawansa ne. Sai dai da sharaɗi: kada ya zama taken wani basarake da ake da shi. Idan makaɗi ya buga taken hakimin da kowa ya sani a kan mutumin da kaji ke bi, wasan ya tashi daga barkwanci ya koma zambo, kuma zambo yana da mai shi, yana da sakamako. Salon fada ake so, ba sunan kowa ba, kuma makaɗin da ya gaji sana'ar shi ya san inda iyakar take. Edita mai saukar da sauti daga intanet ba shi da hanyar sani.

Idan mai buhu ya isa gida, ya sauke, ya ga wayam, a nan kiɗa ya kamata ya ɗauke ɗif. Shirun daƙiƙa uku ya fi kowane sauti aiki. Bayan shirun ne kalangu yake da izinin yin magana, jimla ɗaya tak, irin abin da ɗan kallo da kansa yake shirin faɗa. Chaplin ya yi makamancin haka a farkon City Lights, inda manyan gari suke jawabin buɗe wani mutum-mutumi, ya maye muryoyinsu da wani ƙyaƙƙyaran sauti mai bin hawa da saukar magana ba tare da kalma ba. Da dabara ya ƙago abin da makaɗin Hausa ya gada daga kakanni. Amma sau ɗaya ya yi shi a inda ya dace, bai cika fim ɗin da shi ba. Kalangun da ke sharhi a kan kowane motsi ya zama tafintan da ba ya barin mutane su kalla.

Akwai salon da Turawa suka laƙaba wa sunan ɓeran Disney, inda kiɗa yake bin kowane taku da kowace faɗuwa. A zanen yara yana da kyau. A wasan mutane, kaɗan ake so, kamar gishiri.

Wurin da kiɗan Hausa ya fi dacewa ba tare da wani ɗari-ɗari ba shi ne fitowar aiki. A Modern Times, Chaplin yana ɗaure ƙusoshi a kan bel ɗin masana'anta da ba ya tsayawa, har hannuwansa suka ci gaba da motsin bayan an tashi. Al'ummar da ta san luguden mata a turmi, da waƙar daɓe, da gangar noma a ranar gayya, ta san kiɗan da aka yi domin jiki ya bi shi. Bambancin shi ne gangar noma tana kallon manomi, idan ya gaji ta sassauta, idan ya zabura ta zuga shi, inji kuwa ba ya kallon kowa. Gangar da ta ƙi sassautawa, tana ta ƙara wuta mutum yana neman faɗuwa, za ta isar da saƙon wannan fitowa ga manomin Doguwa fiye da duk wani bayani. Haka damben da ke cikin City Lights, inda Chaplin yake laɓewa a bayan alƙalin wasa yana rawa da shi taku da taku. Kiɗan dambe na sosai, irin wanda Ɗan Anace ya shahara da shi wajen zuga Shago, idan aka yi wa matsoracin da ke ɓuya, ya wadatar. (Waɗannan biyun misali ne kawai na yadda tunanin yake tafiya. City Lights da Modern Times suna da kiɗan da mai su ya tsara da kansa, kuma adalci shi ne a bar su da abinsu. Filin gwaji yana ga gajerun fina-finan farko da kuma sababbin wasannin gida.)

Wani abu na fasaha da ake yawan mantawa shi ne sauri. An ɗauki fina-finan wancan zamani da na'urar da ake juyawa da hannu, sau da yawa ƙasa da hoto 24 a daƙiƙa, wanda shi ne ma'aunin da aka tsayar bayan zuwan sauti. Idan aka haska su da ma'aunin yau sai mutane su riƙa zirga-zirga kamar tururuwa, mai zaɓar kiɗa ya ga haka ya ƙara wuta, a taru a lalace. Kwafin da aka gyara saurinsa shi ya kamata a nema kafin a kira makaɗi.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Za su ce kunnen matashin yau fiyano ya sani. Tun daga Sangaya a ƙarshen shekarun 1990, kiɗan fiyanon Yamaha ya mamaye fim ɗin Hausa, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi ta bayani a rubuce-rubucensa, har aka tashi da zuriyar da ba ta iya fassara take. In kiɗa ya sauya, in ji su, rawa ma sai ta sauya. Akwai gaskiya a ciki, musamman a birni. Sai dai wanda bai iya fassara take kalma da kalma ba, har yanzu ya san algaita ta fada ce, ya san kalangu na fage ne, kuma wannan sanin ya isa a gina barkwanci a kansa. Ba kuma fiyanon ne abin zargi ba. Mai fiyanon da ya fahimci cewa aikinsa shi ne ya girmama wawa, ba ya yi masa dariya ba, ya fi makaɗin gargajiyar da bai fahimta ba. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disamba 2014, ya gina sunansa a fina-finan camama da baki, amma duk wanda ya kashe sautin talabijin ya kalli tafiyarsa da zare idonsa zai ga rabin barkwancin a jikinsa yake, kuma zai ga sau nawa kiɗan da aka ɗora masa bai ƙara masa komai ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta kuɗi. Sautin manhaja kyauta ne, makaɗi kuwa sai an biya shi, an kai shi, an ɗauki sautinsa a wurin da iska da babura ba za su ɓata ba. Amma kyautar ma ba kyauta ba ce. Facebook da YouTube suna toshe sautin bidiyon da aka ɗora wa kiɗan wani ba da izini ba, ko su karkatar da kuɗin tallar zuwa ga mai kiɗan. Chaplin da kansa bai tsira ba: ya yi amfani da karin La Violetera na José Padilla, ɗan Sifen, a City Lights ba tare da ambatonsa ba, Padilla ya kai ƙara a Faris ya yi nasara. A Amurka fina-finan da suka fito kafin 1929 sun fita daga haƙƙin mallaka, amma kiɗan da wani ya ɗora musu daga baya yana nan a hannun mai shi, wanda hakan ke nufin hanya mafi tsafta ta haska tsohon fim ita ce a yi masa sabon kiɗa. Saurayin Kiru da ya biya makaɗin garinsu ya buga masa minti biyu ya mallaki abin da ba mai toshe masa. Makaɗin kuma, wanda DJ da lasifikarsa suka rage masa gidajen biki, ya sami wata ƙofa. Sharaɗin shi ne a rubuta sunansa a ƙarshen wasan kamar yadda ake rubuta na mai ɗaukar hoto, domin an daɗe ana kwasar kiɗan makaɗan karkara a kira shi na gargajiya, kamar dai ba hannun wani ne ya buga ba.

Kudancin Kano yana da wani dalili na musamman na kula da wannan batu. A 2016 gwamnatin tarayya ta sanar da shirin gina alƙaryar fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, aikin da aka ce zai ci naira biliyan 3, kuma ba a jima ba aka janye shi bayan malamai da dama sun yi suka daga kan mumbari. Damuwar masu sukar ta tarbiyya ce, kuma rawa da waƙa tsakanin maza da mata a fina-finan Hausa sun daɗe suna cikin abin da suke kuka da shi. Ko mutum yana ganin janyewar daidai ce ko asara, darasin Larkin ya dawo: jama'ar wannan yanki ba hoto mai motsi suka ƙi ba tun zamanin majigi, wani nau'insa suka ƙi. Barkwanci marar magana, mai ɗauke da kiɗan da mutane suka saba ji a gona da fage da ƙofar fada, ya fi kusa da majigi a kan sinima. Ba zai gamsar da wanda yake ganin kiɗa kowane iri haramun ne ba, kuma bai kamata a yi da'awar zai gamsar ba. Amma yana iya tsayawa a dandalin da uba da 'ya'yansa za su kalla tare, abin da fim ɗin Hausa ya daɗe yana nema.

Duk wannan hasashe ne har sai an gwada, kuma gwajin bai fi ƙarfin sashe ɗaya na Jami'ar Bayero ko hukumar tarihi da al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa ba. A Pordenone ta Italiya, tun 1982 ake taron shekara-shekara na fina-finai marasa magana, makaɗa suna raka su kai tsaye a gaban jama'a. Ana iya yin ƙaramin irinsa a dare ɗaya a Tiga ko Kiru: a ɗauki The Immigrant na 1917, wanda bai kai rabin awa ba, a haska shi ga rukunin 'yan kallo uku, na farko da sautin manhaja, na biyu da fiyano, na uku da makaɗin kalangu da mai algaita waɗanda aka ba su dama suka kalli fim ɗin sau biyu ko uku kafin dare. A ajiye na'urar ɗaukar sauti tana fuskantar jama'a, ba allo ba, domin a ƙirga inda aka yi dariya, da tsawonta, da inda aka yi tsit. Washegari a zauna da makaɗan a tambaye su dalilin da ya sa suka buga abin da suka buga a fitowar gidan abinci, lokacin da Chaplin ya laluba aljihu ya tarar kuɗin da zai biya ya zube ta huji, ga ƙaton ma'aikaci tsaye a kansa.